Garka a tsakar gida a Damagaram: daga bidon ruwa zuwa kwanon kwaɗo

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san tashin tsakar dare don jiran famfo. Garin nan a kan dutse yake zaune. Manyan duwatsun da ake gani tsakanin gidajen Birni, irinsu ne ke kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu, shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Idan bazara ta tsananta, akwai unguwannin da sai a yi kwanaki ana bin ƴan ga-ruwa. A irin wannan gari, wanda zai yi garka a cikin gida dole ya fara da lissafin bido: guda nawa zai iya ware wa shuka kowace rana, har a watan Afrilu?

Da asara na koyi wannan. Shekarar da na fara, na shiga kasuwar Dole na sayo irin tumatir da shu, wato kabeji, da karoti da salati, na fasa kusan rabin tsakar gida a cikin watan Fabrairu. Sun tsiro, sun yi kore shar, yara suna ta murna. Kafin tsakiyar Afrilu furen tumatir yana zubewa, salati ya yi tsiri ya yi ɗaci, ruwa kuma ya gagara. Abin ya yi mini ciwo, domin yaran ne suka ɗauki dakon ruwan. Bayan nan wata Lahadi na je kasuwar Miriya, na ratsa ta cikin garake, na tarar da wani dattijo yana ban-ruwa. Na gaishe shi, na kwashe labarina na faɗa masa, na ce, "Baba, ina kuskurena yake?" Ya ajiye guga ya ce, "Malam, kayan sanyi ka shuka a bakin zafi. Kuma fangali goma ka yi da ruwan fangali uku." Duk abin da zan faɗa a nan daga waɗannan maganganu biyu ya samo asali.

Mataki na farko: auna ruwanka

Kafin ka taɓa fartanya, ka yi mako guda kana lura da ruwan da ake zubarwa a gidanka. Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa da wake da ganye, ruwan ɗauraye kofuna, ragowar randa idan za a wanke ta. Ka ajiye tsohuwar roba a inda ake alwala, da yamma ka juye a bido. Gidan da ke da mutum bakwai ko takwas masu salla biyar zai yi mamakin abin da ke taruwa. Wannan ruwa ne jarin garkarka. Ƙasari kuwa, idan akwai awaki a gidan, haƙƙinsu ne, a bar musu.

Ruwan wanki mai omo da ruwan jabel kada su je kan kayan lambu, domin suna ƙona saiwa, suna tara gishiri a ƙasa. Ruwan wanka mai ɗan sabulu ana iya karkata shi zuwa gindin itace babba, amma ban da ganyen da za a ci ɗanye.

Lissafin kuwa ga shi. A lokacin sanyi, fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a rana. A watan Afrilu da Mayu yakan kai lita 8 zuwa 10. Ke nan bido mai lita 25 zai riƙe maka fangali biyu masu mita 1 da mita 2 a lokacin sanyi, a lokacin zafi kuwa da ƙyar ya wuce guda. Idan bido biyu kake iya samu kullum ba tare da an rage na sha da na girki ba, fangali huɗu ne iyakarka a sanyi, biyu a zafi. Kada ka wuce nan a shekarar farko ko da filin gidan ya kai na idi.

Mataki na biyu: wuri da shinge

Ka nemi wurin da ke samun ranar safe har zuwa azahar, inuwar katanga ko ta itace ta rufe shi da la'asar. Jikin katangar yamma yakan dace, ga shi kuma katangar gida tana tare iskar hunturu da ke busar da ganye. Ka nisanci gindin bedi, wato dogon yaro, saiwarsa takan shiga fangali ta shanye ruwan. Ka nisanci bakin shadda da magudanar makewayi.

Shinge kuwa kafin iri ake yin sa. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata biyu kafin a idar da salla. Zana ko karan dawa da aka ɗaure da kyau sun wadatar, a ƙara ƙayar magarya daga ƙasa saboda kaji.

Mataki na uku: ƙasa da taki

Ƙasarmu ko dai rairayi ce da ruwa ke zurarewa, ko kuma tsakuwa da dutse. Dukansu maganinsu taki ne wanda ya ruɓe. Ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a wani lungu, ka riƙa jera kashin awaki da na tumaki, da sharar ganye, da ɓawon kayan miya, da ɗan toka, da ƙasa kaɗan, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ka yayyafa ruwa ya yi danshi, ka rufe da tsohuwar tabarma, ka juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zai yi baƙi, ya daina wari, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina. A tsince leda da batir da fasassun kwalabe tun kafin su shiga ramin. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona dashe, yana jawo gara, yana kuma kawo irin ciyawa. Wanda yake son shukar Oktoba, a watan Agusta zai fara ramin taki.

Fangali a ƙasar nan ƙasa-ƙasa ake yin sa, kamar kwano, domin ruwa ya zauna. Faɗinsa mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba, tsawonsa mita 2. A haƙa zurfin taƙi biyu, a fitar da duwatsu, a cakuɗa ƙasar da bokiti guda ko biyu na ruɓaɓɓen taki, a mayar, a daidaita, a ɗaga bakin da ƙasa kamar yatsu huɗu. A ba shi ruwa kwana uku kafin shuka, ciyawar da ta fito a cire.

Idan gidanka irin na kan dutse ne da diga ba ta shiga, ko kuma haya kake, buhu ya isa. Tsohon buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, a huda gindinsa, a cika da rairayi kashi biyu da taki kashi ɗaya. Buhu guda yana riƙe tumatir ɗaya, ko tattasai biyu, ko kuɓewa biyu. Fasasshen baho ya dace da salati da alayyafo, tunda saiwarsu ba ta nisa. Buhu yana saurin bushewa fiye da ƙasa, don haka a jera su manne da juna domin su yi wa juna inuwa.

Mataki na huɗu: fara da zogale

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, zogale zan zaɓa, kuma ina roƙon duk mai farawa ya fara da shi. Shi ne shukar da ba ta fushi idan famfo ya ɗauke kwana uku. A binne ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito, a bar mai ƙarfin. A jera su a jikin katanga, mita 1 tsakani. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, domin sama ta yi maka renon, amma ana iya shuka shi duk lokacin da akwai ɗumi da ɗan ruwa. A cikin tsananin sanyin Disamba da Janairu yakan yi nawa.

Sirrinsa yana wajen yanka. Idan ya kai tsawon ƙugu, a tsinke kansa. Zai fitar da rassa. Su ma idan sun kai kamu guda a tsinke kawunansu. Wanda ya ji tausayinsa ya ƙi yankewa, zai tashi da dogon sanda mai ganye can sama inda hannu ba ya kai. Sau ɗaya a shekara, gab da damina, a sare shi a daidai ƙirji, a zuba masa taki, zai dawo da sabon toho mai laushi. Gindi shida zuwa takwas suna ba gida kwaɗo ko dambu sau biyu a mako a yawancin shekara. Akwai irin Indiya da ake kira PKM1, mai manyan ganye da saurin girma, amma ya fi na gida son ruwa. A bar gindi ɗaya ba a yanka, domin ya yi ƴaƴa a samu iri.

Kusa da zogalen ana iya shuka kuka a matsayin ganye. Mutanen Miriya sun san darajar kuka, kowa ya ga yadda take tsaye a gonakinsu. A gida ba sai ta zama rusheshiyar bishiya ba: a jiƙa ƙwayar a ruwan zafi ta kwana, a shuka, a riƙa yanke ta a tsawon mutum. Miyar ɗanyen ganyen kuka daban take da ta gari.

Mataki na biyar: kayan sanyi, reno da dashe

Tumatir, shu, salati, karoti da albasa duk ƴan sanyi ne. Lokacinsu daga Oktoba ne zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Tumatir idan zafin rana ya haura digiri 35 furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura ɗa ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Saboda haka renon iri a farkon Oktoba ake fara shi, da zarar ruwan sama ya ɗauke.

Wurin reno ƙarami ne, baho ɗaya ko kusurwar fangali. A tankaɗe ƙasa da taki su yi laushi, a ja layuka da yatsa, a yafa iri sama-sama, a rufe da rairayi kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ruwa da gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa ake ba shi, safe da yamma, domin kada ya tone irin. Ranar da tsiro ya leƙo a ɗauke ciyawar, a kafa ƴan sanduna a lulluɓa tsohon sange, wato gidan sauro, da aka wanke. Wannan sangen shi ne ke raba ka da ƙadangaru da tsuntsaye, waɗanda suka fi kowane ƙwaro ɓarna a garkar cikin gari.

Salati yana isa dashe bayan mako uku, tumatir da shu bayan mako uku zuwa huɗu idan sun yi ganye huɗu ko biyar, albasa sai ta yi mako shida zuwa bakwai, ta kai kaurin tsinken tsintsiya mai ƙwari. Da yamma ake dashe, bayan la'asar. A jiƙa wurin renon sosai, a ɗago kowane dashe da ƙasarsa, a dasa, a danna gindin, a ba shi ruwa nan take. Tumatir kamu guda tsakani, shu kusa da haka, salati taƙi guda da ɗan ƙari, albasa yatsu biyar zuwa shida. Karoti ba a dasa shi. A wurinsa ake yafa shi, a cakuɗa irin da rairayi domin kada ya cunkushe, idan ya fito a rage.

Ga yadda nake raba fangali huɗu. Ɗaya tumatir, gindi takwas, kowanne da sandarsa. Ɗaya salati, amma ba a dasa shi duka rana ɗaya ba: kashi uku, mako biyu tsakani, domin kada ya nuna gaba ɗaya gida ya rasa yadda zai yi da shi. Ɗaya albasa da karoti. Albasa irin ta Galmi ta san ƙasar nan, ga lawashi ana tsinka tun kafin ta yi kai. Na huɗu tattasai da tanka da yalo. Shu ina barin sa ga masu garake na Miriya da Gidimuni da kwarin Korama, domin yana cin wuri, yana cin ruwa wata uku, tsutsa tana son sa, a ƙarshe kai ɗaya zai ba ka. A ganina ƙaramin gida bai kamata ya ɓata bido a kansa ba.

Salati yana shiga kwano wata guda ko ɗan fiye bayan dashe, kuma idan ana ɓallar ganyen gefe ana barin zuciyar, gindi ɗaya zai daɗe yana bayarwa. Tumatir sai ya yi wata biyu zuwa biyu da rabi.

Mataki na shida: ban-ruwa

Da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin ka zuba, ka tura yatsa cikin ƙasa. Idan da danshi har gaɓa ta biyu, ka bari sai anjima. Tumatir ya fi son a ƙosar da shi a tsayayyen lokaci. Idan aka bar shi ya bushe sannan aka malala masa ruwa, ƴaƴan suna tsagewa, ko gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe.

A rufe fuskar fangali da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye ko karmami, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili a gindin shuka. Wannan shimfiɗa tana rage ƙishin ƙasa ƙwarai. Idan gara ta shigo ta, a yaye a barbaɗa toka, a bar wurin ya sha rana kwana biyu.

Dabarar da ta fi taimakona ita ce tulu. Miriya garin maginan tukwane ne, tulunsu kuma yana tsattsafo, abin da ke sanyaya ruwan sha ke nan. A binne tulu har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da murfi saboda sauro da ƙasa, a dasa tumatir ko tattasai huɗu kewaye da shi, taƙi guda daga jikinsa. Ruwan yana fita a hankali gwargwadon bushewar ƙasa, saiwa kuma takan zo ta rungume tulun. Sai a yi kwana biyu ko uku ba a ƙara ba. Kada a sayi wanda aka shafa wa fenti ko siminti. Makon farko bayan dashe a ci gaba da ba su ruwa ta sama, har saiwar ta kai ga tulun.

Mataki na bakwai: ƙwari

Kowace safiya ka juya bayan ganye ka duba. Darɓa da farin ƙuda a can suke maƙalewa, su nannaɗe ganye. Tsutsar tumatir tana shiga cikin ganye ta bar farin tabo kamar an kankare, daga baya ta huda ɗan. A ƙaramar garka hannu shi ne magani na farko: a tsinke ganyen da ya kamu, a ƙona ko a binne da zurfi.

Na biyu bedi ne, ga shi ko'ina a titunan garin nan. A tsinci ƴaƴansa da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa. A daka kimanin rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a yayyafa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da hayayyafa yake yi, don haka tun da wuri ake fara shi. Maganin feshin da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda ba ya shiga gidana. Wurin da yara ke tsinkar tumatir su kai baki, bai dace da guba ba.

Idan ka tumɓuke tumatir ko kuɓewa ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani. Kada a maimaita tumatir, yalo, tattasai ko kuɓewa a wannan fangalin. A sa albasa, ko a juya ƙasar a bar ta ta gasu a ranar Afrilu.

Zafi da damina

Daga tsakiyar Maris ka rage fangali, kada ka yi jayayya da rana. Ka bar zogale da fangali ɗaya na alayyafo, wanda ake yanka bayan mako uku zuwa huɗu ya sake tohowa, da ƴan gindin tanka a ƙarƙashin rumfar zana mai shara-shara. Sauran su huta.

Damina kuwa, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, kyauta ce. Kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, kabewa, gurji da wake duk a wurinsu ake shuka su bayan ruwa mai ƙarfi. Kuɓewa tana fara bayarwa cikin wata biyu, a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana ƙarama. Kabewa a sa ta hau rumfa ko katanga. A wannan lokaci a fasa bakin fangali ta gefe ɗaya domin kada ruwa ya kwanta, a kuma tara na indararo a tano, a rufe.

Itacen marmari

Guda biyu ko uku sun isa gida. Gwanda tana ba da ƴaƴa cikin shekara guda, amma tana son ruwa kullum, don haka wurinta kusa da inda ake alwala ne. A shuka uku a wuri ɗaya; idan sun yi fure, namiji shi ne mai ƙananan furanni a dogon reshe, a cire shi sai dai a bar guda idan babu wani a maƙwabta. Lemun tsami yana ɗaukar shekaru kaɗan, amma idan ya kama ya zama na gida. Wadda na fi yabawa ita ce magaryar aure, wato magaryarmu ta daji da aka ɗaura wa reshen irin Indiya mai manyan ƴaƴa. Gindin namu ne, ya san fari, ɗan kuma ya kusa ƙaramin ƙwai. A riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, in ba haka ba za ta koma ta daji. Mangwaro sai mai babban fili da rijiya.

Abin da daji ke bayarwa

Garkar gida ba za ta ciyar da kai wata goma sha biyu ba, kuma iyayenmu ba su taɓa dogara da ita kaɗai ba. Inna, mahaifiyata, takan ce wanda ya san daji ba ya cin tuwo gaya. A lissafinta kowane wata da abinsa.

Da damina tafasa da gasaya da lalon daji suna fitowa da kansu, har a cikin fangalinka. Kada ka nome su duka. Tafasa tun tana ƙarama ake tsinkar ta, a dafa, a zubar da ruwan farko, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Gasaya tana da ɗaci, ita ma a tafasa a tsiyaye. Ƙarshen damina ɗinya ke nuna. Da kaka da sanyi sai magarya, wadda ake dakawa a yi akuri, da aduwa da kanya da kurna da tsamiya da ƴaƴan kuka. Goriba tana nan duk rani, muruci kuma yana zuwa daga inda giginya take. Lokacin da ya fi wuya, wato bazara, lokacin da garka ta yi shiru kuma ganye ya yi tsada a kasuwa, a nan ne yaɗiya da jiga da dubagira, tohon aduwa da furenta, suke rufa wa tukunya asiri. Gab da saukar ruwa ɗanya ke zubar da nunu.

Anza tana buƙatar magana ta musamman. Da yawa suna jin kunyarta domin sunanta ya haɗu da shekarun yunwa, alhali abinci ce mai riƙe ciki, daga itacen da ke zama kore ko an yi fari. A nan Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa ta tare da sauran ƴaƴan itatuwan daji. Sai dai ƙwayarta ba a cin ta haka nan. Tana da ɗaci mai cutarwa, sai an ɓare, an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Wanda bai taɓa yi ba ya zauna kusa da tsohuwar da ta iya, ya gani da idonsa.

Haka ma duk wani ganye: abin da ba ka sani ba kada ka kai baki, ka tambayi wadda ta girme ka. A nuna wa yara zaƙami da ƴaƴan cin-da-zugu da na zurma da ruwan tumfafiya, a gaya musu guba ne. Kada a tsinci ganye a juji, ko bakin kwata, ko gonar da aka yi wa feshi. Itacen da ke cikin gona yana da mai shi, a nemi izini. A tsinka da hannu, kada a sassare reshe, domin manoman Miriya da Matamaye da Magarya sun sha wahala kafin su mayar da gawo da sauran itatuwa cikin gonakinsu. Wanda ba ya iya fita daji, matan ƙauye suna kawo duk waɗannan kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis. A saya a hannunsu, kada a matse su a ciniki.

Daga fangali zuwa kwano

Da sanyin safiya ake tsinkar ganye. Duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta sau uku, ko da daga gidanka ya fito, tunda da taki aka rene shi. Zogale kada a dafa shi har ya yi baƙi. Ya yi laushi kawai, a matse, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai da yaji. Idan da yaɗiya ko tafasa a haɗa, ɗanɗanon ya fi zurfi.

Watan Janairu da Fabrairu tumatir yakan zo gaba ɗaya. A raba wa maƙwabta, sauran a yanka biyu a shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa, a yi kauɗa don bazara. Kuɓewa ma haka. Ganye kuwa, zogale da yakuwa da kuka da lalo, a inuwa ake shanya su inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye korensu da amfaninsu. Na ajiyar ƴan kwanaki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska, a riƙa jiƙa rairayin safe da yamma. A busasshiyar iskar garin nan tana aiki sosai.

Abu na ƙarshe shi ne iri. A zaɓi gindin da ya fi lafiya, a ɗaura masa ƙyalle domin kowa ya san ba na ci ba ne. Kuɓewa da yakuwa da zogale a bar su su bushe a jikin uwar. Salati da alayyafo a bar gindi biyu su yi tsiri, a kakkaɓe kan a cikin ƙwarya. Tumatir a matse wanda ya nuna sosai a kofi, a bar shi kwana biyu, a wanke ƙwayar, a shanya a inuwa. Idan an rubuta F1 a jikin takardar irin da ka saya, kada ka ajiye ƴaƴansa, ba za su fito kamar uwar ba. Sauran a zuba su a busasshiyar kwalba da ɗan tankaɗaɗɗen toka, a rubuta suna da shekara a jiki, a toshe, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi har Oktoba ta zagayo.